Wladimir Klitschko da mutanen da ya doke: tambayoyi da amsoshi kan yadda ake auna tsohon zakara

A gidan kallo ko a teburin mai shayi, da zarar an ambaci ɗan damben zamani Wladimir Klitschko sai gardama ta ɓarke. Wannan ya ce yana cikin manyan zakarun ajin masu nauyi da aka taɓa yi, wancan ya ce fage ya tarar babu maza, shi ya sa ya daɗe. Ga tambayoyin da suka fi dawowa a wannan musu, an jero su daga masu sauƙi zuwa masu sarƙaƙiya.

1. Wane ne Klitschko, kuma me ya sa har yanzu ake musu a kansa?

Ɗan ƙasar Yukiren ne, an haife shi a 1976, tsawonsa santimita 198. Ya ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, a shekarar kuma ya shiga damben kuɗi. Ya yi dambe 69, ya ci 64, a cikinsu 53 ya gama su kafin lokaci. An doke shi sau biyar. Ya riƙe kambun WBO, ɗaya daga cikin hukumomin da ke ba da kambun duniya, daga 2000 zuwa 2003, sannan ya dawo a Afrilun 2006 ya zauna a kan kujerar har Nuwamban 2015, shekara tara da wata bakwai, ya kare kambu sau 18 a jere. Ya ajiye dambe a Agustan 2017 yana ɗan shekara 41.

A kan lissafi babu abin musu. Gardamar tana kan sunayen da ke cikin lissafin. Muhammad Ali yana da Frazier da Foreman da Liston, Lennox Lewis yana da Holyfield da Tyson. Idan ka ce wa mai kallon dambe ya faɗi mutum ɗaya da Klitschko ya doke wanda kowa ya yarda gagarabadau ne, sai ya ɗan sosa ƙeya kafin ya amsa.

2. Me ake nufi da nagartar abokan karawa? Ba nasara nasara ba ce?

Wanda ya saba da damben gargajiya ya riga ya san amsar. Ba a tambayar sau nawa ɗan dambe ya ɗaura hannu, ana tambayar wa ya kashe. Kisa ɗaya a kan shagon da kowa ke shakka ya fi kisa goma a kan yaran da suka fara jiya. Haka abin yake a damben zamani.

Abu uku ake dubawa a kan kowane abokin karawa: me ya yi kafin ya zo, a wane hali ya zo, me ya yi bayan an doke shi. Na tsakiyan shi ne wanda aka fi mantawa. Hasim Rahman suna ne babba, shi ne ya shimfiɗe Lennox Lewis a Afirka ta Kudu a 2001. Amma Rahman ɗin da Klitschko ya doke a Disamban 2008 saura ne kawai, ƙarfinsa ya riga ya tafi. Sunan yana da kyau a takarda, nasarar kuwa ba ta da nauyin sunan.

3. Su wane ne mafiya ƙarfi a cikin waɗanda ya doke?

A ganina mutum shida ne. Chris Byrd, wanda ya doke David Tua da Evander Holyfield, Klitschko ya ci shi sau biyu, a 2000 da 2006. Samuel Peter, wanda tambaya ta 8 ta keɓe masa. Sultan Ibragimov, mai riƙe da WBO da ba a taɓa doke shi ba sai da suka haɗu a New York a Fabrairun 2008, kuma daga wannan daren bai sake dambe ba. Ruslan Chagaev, shi ma ba a taɓa doke shi ba, ya kasa fitowa turmi na goma a Gelsenkirchen a 2009. David Haye, wanda ya haɗe kambunan ajin da ke ƙasa da masu nauyi, ya hauro ya ƙwace WBA daga hannun Nikolai Valuev. Sai Alexander Povetkin, mai zinaren Olamfik na 2004, wanda Klitschko ya bi har gida Mosko a Oktoban 2013 ya kai shi ƙasa sau huɗu.

Abin lura shi ne yawancinsu suna kan ganiyarsu suka zo, kuma wasunsu sun ci gaba da ɓarna bayan haka. Povetkin yana ɗan shekara 40 ya sumar da Dillian Whyte da naushi ɗaya a 2020. Ko Tony Thompson, wanda ba a cika sa shi a sahun farko ba, bayan Klitschko ya doke shi karo na biyu ya je Liverpool a 2013 ya lallasa David Price har sau biyu, a lokacin da Ingila ke ganin Price ne magajin kujerar.

Haye shi ne ya fi kowa baki kafin dambe. Ya sa riga mai hoton kawunan Klitschko da yayansa a yanke. Da aka shiga fage a Hamburg a Yulin 2011 sai ya yi ta ja da baya turmi goma sha biyu, da aka tashi ya cire takalmi yana nuna wa 'yan jarida ɗan yatsan ƙafarsa da ya karye. Wannan abin dariya ya rage wa nasarar ƙima a idon mutane, alhali Haye ɗan dambe ne mai hatsari ƙwarai. Laifinsa aka ɗora wa wanda ya doke shi.

4. To ai akwai waɗanda ba su cancanci ko hawa dandamalin ba. Ƙarya ne?

Gaskiya ne. Jean-Marc Mormeck ya zo a 2012 yana dab da shekara 40, gajere, ƙaramin jiki, aka gama da shi a turmi na huɗu. Francesco Pianeta a 2013 da Alex Leapai a 2014 ruwa ne da ba sa'an kwando ba. Masu ƙirga naushi sun ce sau goma kacal hannun Leapai ya taɓa Klitschko a dukan damben. Ray Austin a 2007 bai wuce turmi biyu ba.

Sai dai babu zakaran da ya daɗe da ba shi da irin waɗannan. Joe Louis ya yi ta karɓar masu rauni kusan wata-wata a 1941 har 'yan jarida suka mai da abin ba'a. Ali ya kare kambunsa da Chuck Wepner da Jean-Pierre Coopman da Richard Dunn. Bambancin shi ne a jerin Ali waɗannan sunaye suna ɓacewa a inuwar Frazier da Foreman, a jerin Klitschko kuwa babu inuwar da za ta rufe su, sai suka fito fili.

5. Shi yake zaɓar masu rauni, ko ɗora masa su ake yi?

Duka biyun. Hukumomi huɗu ne ke ba da kambun duniya: WBA da WBC da IBF da WBO. Kowace tana da nata jerin, kuma lokaci zuwa lokaci takan ce wa zakara ga wanda dole ya kara da shi, in ya ƙi a karɓe kambun. Mai riƙe da kambu uku kamar Klitschko kullum akwai mai jiransa a bakin ƙofa. Ta wannan hanya Austin da Thompson da Leapai da Kubrat Pulev suka samu shiga. Mormeck da Pianeta kuwa shi da mutanensa suka zaɓo su, domin a Jamus filin wasa yakan cika ko da wa zai kara.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: wa ya guje wa? A nan masu sukarsa ba su da abin kamawa sosai. Da Valuev ba su haɗu ba, da Deontay Wilder ma haka, amma Wilder sai a Janairun 2015 ya ɗauki WBC, lokacin mulkin Klitschko ya zo gangara. Mutum ɗaya ne da gaske ya rage, shi ne na tambaya ta 6.

6. Me ya hana shi karawa da yayansa Vitali?

Alkawari suka yi wa mahaifiyarsu cewa ba za su taɓa dambe da juna ba, kuma sun cika. Bahaushe ba zai ga abin mamaki a nan ba, wa zai ɗaga hannu ya naushi yayansa ciki ɗaya a gaban duniya saboda kuɗi? Amma a lissafin dambe abin ya bar giɓi babba. Daga 2008 zuwa 2013 Vitali ne ke riƙe da WBC, saboda haka Wladimir bai taɓa haɗe kambu huɗun ba. Kuma a tsawon waɗannan shekaru, na ɗaya da na biyu a duniya gida ɗaya suke kwana.

Akwai wani abu kuma da masoyansa ba su son a taɓo. Mutane da yawa suna ganin Vitali ya fi shi taurin rai da jure duka. Ba a taɓa kai Vitali ƙasa a damben kuɗi ba. Shi ne ya tsaya wa Lennox Lewis a Los Angeles a Yunin 2003, yana gaba a maki likita ya tsayar da damben saboda tsagar da ke saman idonsa. Shi ne kuma ya rama wa ƙaninsa a 2004 a kan Corrie Sanders, wanda ya doke Wladimir a 2003. Zamanin na mutum biyu ne, sun raba abokan karawa tsakaninsu, sai kowannensu ya samu rabin jeri.

7. An doke shi sau uku tun yana matashi. Wannan bai isa ya fitar da shi daga sahun manya ba?

Ross Puritty a Kyiv a 1998, inda ya gaji liƙis aka tsayar a turmi na 11. Corrie Sanders na Afirka ta Kudu, bahago mai saurin hannu, a Maris 2003, ya kai shi ƙasa sau huɗu cikin turmi biyu. Lamon Brewster a Las Vegas a Afrilun 2004, Klitschko yana cin damben sarai sai numfashi ya ƙare masa a turmi na biyar. Babu ko ɗaya cikin ukun da ake kira babban zakara, kuma yana tsakanin shekara 22 da 28 ne, ba tsufa za a ɗora wa ba. Wannan tabo ne na gaske, kuma ya fi faɗuwarsa a hannun Tyson Fury da Anthony Joshua nauyi a kansa (dubi tambaya ta 12).

Abin da ya biyo baya shi ne abin yabon. A lokacin har na kusa da shi sun ga ya kamata ya haƙura. Sai ya zauna a hannun Emanuel Steward, mai horarwar da ya gyara Lennox Lewis, aka sake masa gini tun daga tushe: tsayuwar ƙafa, tazara, yadda zai tanadi numfashi. Daga faɗuwar Brewster sai da ya yi shekara goma sha ɗaya ba a sake doke shi ba. Brewster ɗin ma ya rama a kansa a 2007.

8. Ina labarin karawarsa da Samuel Peter na Najeriya?

Idan dambe ɗaya za a nuna wa mai cewa Klitschko ba shi da zuciya, to na Satumban 2005 ne a Atlantic City. Peter, ɗan asalin Akwa Ibom, ya zo ba a taɓa doke shi ba, yana ɗan shekara 25, hannunsa kamar taɓarya. Klitschko kuwa kowa na ganin gilashi ne, ana taɓa haɓarsa zai tarwatse. A turmi na biyar Peter ya kai shi ƙasa sau biyu. A na goma ya sake kai shi. Duk lokacin sai ya miƙe, ya koma ga hannun hagunsa mai tsawo yana zungurar Peter a fuska, in ya matso ya rungume shi. A turmi na ƙarshe shi ne ma ya girgiza Peter da naushin hagu har ƙafafunsa suka yi rawa. Alƙalai uku duk suka ba shi 114 da 111.

Peter bai lalace daga nan ba, ya je ya ɗauki kambun WBC daga hannun Oleg Maskaev a Maris 2008, wanda hakan ya ƙara wa nasarar Klitschko daraja. Karonsu na biyu a Frankfurt a 2010 ba shi da wannan nauyi. Vitali ya riga ya farfasa Peter a 2008, abin da ya rage Wladimir ya ƙarasa a turmi na goma. Ga misalin abin da aka faɗa a tambaya ta 2: mutum ɗaya, nasara biyu, farashinsu daban.

9. Me ya sa ake cewa dambensa na sa barci, kuma ya kamata hakan ya shiga lissafi?

Domin sau da yawa yana sawa. Salon da Steward ya ɗora shi a kai na kare haɓa ne: zungura da hagu, zungura da hagu, in hanya ta buɗe a saki dama, in mutum ya kutso a rungume shi a danna masa nauyin kilo 110 a wuya har alƙalin wasa ya raba. Dambensa da Ibragimov 'yan kallo ihun ƙosawa suka yi ta yi. Na Povetkin ya fi muni, kokawa ta fi naushi yawa, sai a turmi na 11 aka cire masa maki ɗaya, abin da ya kamata a yi tun da wuri.

Amma gundura daban, rauni daban. Wani ɓangare na dalilin da ya sa ake raina abokan karawarsa shi ne yadda yake hana su yin komai. Mutum ya zo da tarihin kisa ashirin, a tashi bai kai hannu sau talatin ba, sai mai kallo ya ce ai dama ba kowa ba ne. Da Klitschko ya sha wuya a hannunsu kafin ya ci, da yau ana kiransu jarumai. Riƙon da ya wuce ƙa'ida kuwa, wannan suka ce mai tushe, kuma alƙalan wasa sun yi masa sassauci.

10. Tyson Fury ya fi shi ne, ko tsufa ne ya kama shi?

A Düsseldorf, ranar 28 ga Nuwamban 2015, Klitschko yana da shekara 39, Fury 27. Ya gamu da wanda ya fi shi tsawo, ya fi shi tsawon hannu, ga shi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Duk dabarar da aka bayyana a tambaya ta 9 an gina ta ne a kan cewa shi ne dogo. Da wannan ya kau sai ya tsaya yana jiran ƙofar da ba ta buɗe ba. Naushi 52 kawai ya kai a turmi goma sha biyu.

Alamar tsufa ta riga ta nuna a dambensa da Bryant Jennings wata bakwai kafin nan, ido yana ganin hanya, hannu yana makara. Amma ba na jin tsufa ne kaɗai. Salon Fury zai ba shi ciwon kai ko yana ɗan shekara 32, sai dai na wancan lokacin da ya fi sakin hannun dama. An shirya karo na biyu a 2016, Fury ya janye sau biyu, tambayar ta tafi babu amsa.

11. Ta yaya faɗuwa a hannun Anthony Joshua ta ƙara masa daraja?

Ranar 29 ga Afrilun 2017, a Wembley, gaban mutum 90,000. Klitschko yana da shekara 41, ya yi wata goma sha bakwai bai yi dambe ba. Joshua, wanda asalin gidansu Sagamu ne a jihar Ogun, yana da 27, ya yi dambe 18 duk ya gama su kafin lokaci. A gidan kallon da na kalla kusan kowa na Joshua ne, ana ta cewa karen bana shi ke maganin zomon bana.

A farkon turmi na biyar Joshua ya kai shi ƙasa, ya ɗaga hannu sama kamar an gama. Tsohon ya miƙe da jini a gefen ido, kafin turmin ya ƙare shi ke korar yaron, Joshua ya buɗe baki yana neman iska. A na shida ya saki hannun dama miƙaƙƙe, Joshua ya zube, karo na farko a damben kuɗi. Gidan kallo ya yi tsit, sai ƙarar janareta. A nan ne Klitschko ya yi abin da ya saba, ya ƙi yin gaggawa, ya bar yaron ya farfaɗo. A turmi na 11 Joshua ya ɗago masa haɓa da naushin ƙasa zuwa sama wanda ya miƙar masa da wuya, ya faɗi sau biyu, ya tashi sau biyu, alƙalin wasa ya shiga tsakani.

Mutanen da suka yi shekara goma suna cewa ba shi da zuciya a daren suka yi shiru. Ni dai ina ganin an ɗan yi masa rashin adalci ta bayan gida: abin da ya nuna a Wembley ya riga ya nuna shi a kan Peter shekara goma sha biyu kafin nan, kuma a can ma shi ya ci.

12. Ana ƙirga wa zakara faɗuwar da ya yi bayan ya tsufa?

Galibi ba a ƙirgawa. Joe Louis yana da shekara 37 Rocky Marciano ya fitar da shi ta tsakanin igiya a 1951. Ali yana da 38 Larry Holmes ya yi ta dukansa a 1980 har aka tsayar. Holmes ɗin ma yana da 38 Mike Tyson ya shimfiɗe shi a 1988. Tyson ya ƙare a zaune a hannun Kevin McBride a 2005. Babu mai hankalin da zai auna waɗannan mutane da waɗannan darare.

Sai dai ma'aunin yana yanka ta gefe biyu. In an yafe wa tsoho faɗuwarsa, to a rage wa yaron da ya doke shi lada. Shi ya sa ake yi wa tarihin Marciano na nasara 49 babu faɗuwa tambayoyi, tunda manyan sunayen da ke ciki, Louis da Walcott da Archie Moore, duk sun manyanta. Da Fury abin ya sha bamban kaɗan, domin Klitschko yana kan kujera aka doke shi, ba daga ritaya aka ɗauko shi ba.

13. Da a zamanin Ali ko Louis ya zo, zai kai labari?

Sarki goma zamani goma. Louis yana dambe ne da nauyin kilo 90 da 'yan kai, Marciano bai kai 90 ɗin ba. A yau ajin da ke ƙasa da masu nauyi za a sa Marciano. In aka ɗauko su yadda suke aka haɗa da mai kilo 110 da ya iya amfani da tsawonsa, za su sha wuya kafin su iso jikinsa. Amma wanda Sanders ya kayar sau huɗu cikin turmi biyu, me zai faru in Foreman na 1973 ko Tyson na 1988 ya same shi? Kuma Oleksandr Usyk, ɗan ƙasarsu, ya nuna girman jiki ba shi ne komai ba, tunda ya hauro daga ƙaramin aji ya doke Joshua sau biyu, ya doke Fury sau biyu.

14. To a ina za a ajiye shi?

Wajen daɗewa yana dab da Louis, wanda ya riƙe kambu daga 1937 zuwa 1949 ya kare shi sau 25. Klitschko ya kare nasa sau 23 idan aka haɗa mulkinsa biyu. Wajen share zamaninsa, in ka cire yayansa, babu wanda ya bari a tsaye har Fury ya zo. Wajen nauyin sunaye kuwa yana bayan Ali da Lewis da Holyfield da Foreman da tazara mai yawa, kuma faɗuwa ukun nan na tambaya ta 7 ba su gogewa.

Ni ina sa shi a ƙarshen goman farko, ko a bakin ƙofarta, kusa da Larry Holmes, wanda shi ma ya yi shekara bakwai yana mulki ana cewa ba shi da abokan karawa, sai da ya sauka aka fara yaba masa. Wanda ya sa shi na bakwai ba zan yi faɗa da shi ba, haka wanda ya sa shi na goma sha biyu. Mai son yanke nasa hukuncin ya nemi dambe huɗu ya kalla a jere: na Sanders a 2003, na Peter a 2005, na Pulev a Hamburg a 2014, inda ya gama da shi da naushin hagu a turmi na biyar, sannan na Joshua. Na Ibragimov kuwa a bar shi sai daren da barci ya ƙi zuwa.